SUNAYEN ƘASAR KUMBOTSO A CIKIN TSOFAFFIN KUNDAYE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, sanin sunayen garuruwa fanni ne da magabata suka ba muhimmanci, domin da shi ake gane asalin malami da inda ya fito. Yakutul Hamawi, wanda ya rasu a shekara ta 626 bayan Hijira, ya wallafa Mu'ujamul Buldan, inda yakan kawo sunan gari, ya daidaita wasulansa, sannan ya ambaci malaman da ake jinginawa gare shi. Mu ma nan Kano muna da shaida. Unguwar Kabara ta ɗauki sunanta daga Malam Umaru Kabara, shi kuwa ana danganta shi da Kabara ta kusa da Tambutu. Ashe suna ɗaya ya riƙe mana labarin doguwar tafiya.

Mai binciken sunayen ƙasar Kumbotso da kewayenta zai fara da littattafan gida, kamar Tarihin Kano na Larabci, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da Takyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi kan jihadi a Kano. Sai kundin Lardin Kano na Razdan Gowers, wanda aka buga a 1921, Kirk-Greene ya sake buga shi a 1972 tare da na Bauchi da Sakkwato da Zariya. Rahotannin haraji na gundumomi kuwa, masu jera ƙauyuka da dagatansu, ana samun su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

To, amma akwai wurare biyu da ƙafa kan zame. Na farko, rubutu. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa: Calawa ta zama Challawa, Fanshekara ta zama Panshekara, Sharaɗa ta rasa lanƙwasarta, domin haruffa masu ƙugiya ba su zauna a boko ba sai cikin shekarun 1930. Haka Gwauron Dutse ya koma Goron Dutse, alhali gwauro daban, goro daban. Wanda ya gina fassarar suna a kan irin wannan rubutu ya yi gini a kan rairayi.

Na biyu, iyaka. Bayan cin Kano a 1903, Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya tattara garuruwa a ƙarƙashin hakimai. Da fari ana kiran gunduma da sarautar hakiminta, daga baya aka koma kiranta da sunan garin da yake zaune. Don haka ƙauye ɗaya kan bayyana a ƙarƙashin gundumomi dabam-dabam gwargwadon shekarar takarda.

Dalilin gaggawa a bayyane yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an kafa gidan ruwa a Calawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sannan masana'antu suka mamaye Bompai, suka biyo Sharaɗa da Calawa. Gonaki da kangaye masu sunaye sun koma filaye masu lamba. Idan suna ya ɓace, gane tsohuwar maƙabarta ko gonar gado da aka ambata a takardar alƙali yakan gagara.

Hanyar tsira ita ce ta malaman Hadisi: kada a karɓi ruwaya ɗaya sai an gwada ta da 'yar'uwarta. A duba sunan a boko, a neme shi a ajami ko Larabci, sannan a je ga dattawan wurin a ji yadda suke furta shi, a rubuta wanda ya faɗa da wanda ya jiyo daga gare shi. Duk almajirin da ke da kaka a Kumbotso ko Fanshekara, ya ɗauki alƙalami tun suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya amfanar da mu da abin da suka bari. Allah ne Mafi sani.