Daga wuri zuwa alat: ina hannun mai kyauta ya shiga? 🧵

1/
Da ƙaramar sallar 2023 ban samu zuwa gida ba, sai na tura wa kakata naira dubu biyar daga Samaru. Ba ta da asusu, don haka ta asusun ɗan kawuna kuɗin ya bi. Ya cira a POS ya kai mata. Bayan sati biyu na je Hunkuyi, ko gama gaisawa ba mu yi ba ta ce: "Kai mijin nan nawa, bana ko goron sallah babu?" Na ce Iya ai na turo. Ta ce: "Kuɗi dai na gani, amma ban ga hannunka ba."

2/
Maganar nan ta daɗe tana cina. Kuɗin ya isa, an kashe shi, amma a wajenta ban yi kyauta ba. Shi ya sa na koma tarihi na duba yadda kyauta take tafiya a yankinmu na Ikara, Makarfi da Kudan, da dabarun da mutane ke yi yanzu don kyautar waya ta samu fuska. Zaren yana da ɗan tsawo, ku biyo ni.

3/
Mu fara da wuri. Kafin zuwan Turawa shi ne kuɗin ƙasar Hausa, kuma asalinsa daga tsibiran Maldives ne, can tekun Indiya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Wuri 20,000 shi ake kira keso. Ku yi tunanin kai wa surukai keso biyu. Ba ya shiga aljihu. Dole a nemi mai ɗauka, a zauna a ƙirga biyar-biyar, maƙwabta na kallo. Kyautar da kanta take shelar kanta.

4/
Turawan mulkin mallaka sun hana shigo da wuri a 1904, a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma. Daga nan muka samu anini, kwabo, taro, sisi, sule da fam. Naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973. Kuɗi ya rage nauyi, har tsohuwa na iya ƙulle shi a haɓar zani. Amma har lokacin hannu ne ke miƙa wa hannu.

5/
Akwai littafin da ya kamata kowane ɗan yankin nan ya nema: Baba of Karo. Mary Smith ce ta rubuta labarin rayuwar wata dattijuwa, Baba, daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Wajen Zarewa Baba ta taso, nan maƙwabtanmu ta ɓangaren Kano. Idan ka karanta za ka ga rayuwar mata ta wancan lokaci cike take da kai da kawo na kaya: suna, aure, ƙawance, komai da abin da ake ɗauka a kai.

6/
Mijinta M. G. Smith, wanda ya yi nazarin tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau, ya yi bayanin tsarin biki: in na kawo miki sule ɗaya a hidimarki, ranar tawa ki kawo biyu, haka ake ta ninkawa har ya yi nauyi a koma ƙasa. Wato biki bashi ne mai ladabi. Kuma bashi ba ya tsayuwa sai an san wa ya kawo, nawa ya kawo, a gaban wa.

7/
A nan na gane abin da Iya ke nufi. Kyautarmu ba ta mutum biyu ba ce. Akwai mai bayarwa, akwai mai karɓa, akwai ɗan aiken da ake ba tukwici, akwai sanƙira mai ɗaga murya ya ce wane ya ba da kaza. Ko a ɗaurin aure sai an faɗi sadaki a bainar jama'a, a ce lakadan ba ajalan ba. Alat kuwa ƙit yake shiga aljihu. Ba ɗan aike, ba tukwici, ba wanda ya ji.

8/
Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a Agustan 2001 da Econet da MTN, lokacin ɗan garin Makarfi, Ahmed Mohammed Makarfi, yana gwamnan Kaduna. Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Ni lokacin ina goye, daga bakin yayyena na ji labari. A ganina katin waya shi ne kyautar zamani ta farko da ta shigo mana. Abin da ake bayarwa jerin lambobi ne kawai, amma yana da jiki: kati ne mai kyalli, a kankare shi da kwabo ko farce. Saurayi ya je zance ya ajiye shi a gefen tabarma a matsayin toshi, ƙanwar budurwa ta ɗauka ta kai ciki, ita ma ta samu nata.

9/
Daga baya katin ya koma 'yar siririyar takarda, sai tura kuɗin kira daga layi zuwa layi, sai data, sai taransifa da lambobin banki a ƙaramar waya. Kowane mataki ya ƙara sauƙi, ya kuma ɗauke wani mutum daga cikin hidimar.

10/
Abin da ya tura kowa ciki da ƙarfi shi ne canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin ₦200, ₦500 da ₦1,000. Wa'adi 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kaduna na cikin jihohi uku na farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kogi da Zamfara, kuma ranar 3 ga Maris kotun ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara.

11/
Ku lura da lokacin. Tsakiyar kakar tumatir ɗin rani ne a Ikara da Hunkuyi, rake na fita daga Makarfi, ga bukukuwan da ake rige-rigen yi kafin azumi. Manomin da bai taɓa yarda da lambar waya ba dole ya karɓi taransifa ko kayansa su ruɓe. Matan gidanmu kuwa wallahi sun shiga ruɗu: ta yaya za ki je biki hannu rabbana ki ce wa uwar amarya "duba wayarki"?

12/
To a nan dabara ta fara fitowa, kuma yawancinta daga mata ne, ba daga mu 'yan boko ba. Wadda ta fi burge ni: gwaggona ta je wajen mai POS ta tura gudummawarta, ta karɓi 'yar takardar rasit, ta naɗe ta sa a cikin kwano a kan turmin atamfa, ta rufe da faifai, ta ɗora wa yarinya a ka. Aka kai, aka buɗe a gaban mata, aka rubuta a littafin biki, yarinya ta dawo da tukwicin naira ɗari. Kuɗin ya riga kwanon isa da awa uku, amma kwanon ne aka gode wa.

13/
Na kuma ga inda sanƙira ya riƙe wayar abokin ango, duk alat ɗin da ya shigo ya karanto suna da adadi da kirari, kamar dai kuɗin na hannunsa. Wani abokina ɗan Kudan ya saya wa ƙanwarsa data ta wata uku da ta ci jarrabawa. Bai tura ba sai da ya je gida da ɗan kwandon inabin garinsu, ya sa takarda a ciki cewa ta duba wayarta, sannan ya danna tana tsaye. Wasu kuma ambulan suke sa wa 'yar wasiƙa da rubutun hannu da sabuwar ɗari biyu, sauran ya bi ta waya.

14/
Ba mu kaɗai ba ne fa. A Sin akwai al'adar jan ambulan na kuɗi a sabuwar shekararsu. A 2014 manhajar WeChat ta mayar da shi cikin waya, amma ba ta bar shi lamba tsirara ba: hoton jan ambulan ne ke zuwa, sai ka taɓa ya buɗe. Su kamfani ne ya yi musu. Mu kwano da faifai ne suka yi mana.

15/
Wata dabarar kuma ban yarda da ita ba: ka tura wa mutum kuɗi, ka ɗauki hoton rasit ka sa a status. Wannan ba shaida ba ce, tallan kai ne. Sanƙira a gaban dangi yake magana, waɗanda gobe su ma za su rama. Status kuwa har wanda ba ruwansa yana gani, mai karɓa kuma ba a nemi izininsa ba. Balle in taimako ne ga mabuƙaci. Sadaka daban, biki daban. A wajen sadaka ma shirun alat ɗin ya fi kyau, don yana rufa asiri.

16/
Kuma a yi hattara da rasit. Takarda ko hoto ba kuɗi ba ne. Mun taɓa rubuta wani a littafin bikin yayata da dubu goma saboda hoton da ya nuna, har yau kuɗin bai iso ba. Ko na bogi ne, ko sabis ne ya riƙe, Allah masani. Matsalar ita ce an riga an rubuta, kuma ranar hidimar gidansu littafin za a buɗe. Tun daga nan ba a rubuta kowa sai mai asusun ya duba ya ce ya shigo.

17/
Masu cewa a koma liƙi kawai, ku tuna sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wajen biki. Hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla ₦50,000, ko duka biyun. A 2024 EFCC ta kai wasu sanannun mutane kotu a kan haka.

18/
Da babbar sallar 2023 na je da kaina. Na tsaya tasha na sayi goro na ɗari biyar aka naɗe mini a ganye. Na durƙusa na gaida Iya, na miƙa mata da hannu biyu, sannan na kira ɗan kawuna ya zauna. Na rubuta komai a waya, na kama yatsanta na ɗora a kan wajen turawa. Ta danna. Wayarsa ta yi ƙara a gabanta. Ta yi dariya har da tafi, ta sa mini albarka ta fi minti biyar, ta ɓare goron ta ba kishiyarta rabi. Sannan ta kwance haɓar zaninta ta miƙa wa ɗan kawun nawa naira hamsin, wai tukwicinsa ne, tun da ta aljihunsa saƙon ya biyo.