Daga Sifinja zuwa Hiace

Kawuna maƙeri ne, amma ban taɓa ganin ya ƙera fartanya ba. Warsharsa, wato garejinsa, tana unguwar Hajj Yusuf, kusa da Suk Sitta, kuma tun ina yaro aikinsa ke nan: a kawo masa mota yadda masana'anta ta yi ta, ya mayar da ita yadda hanyar Sudan take so. Ranar da na nuna masa hoton wata motar kaya da aka sa wa gado da murhu a Jamus don yawon shaƙatawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ai wannan aikin iyayen gidanmu ne. Su dai dole ce ta sa su."

Sana'ar ta yi ƙarfi ne a jikin Bedford TJ, babbar motar Ingila da aka fara ƙerawa a 1958. A nan aka raɗa mata suna Sifinja, wato silifas ɗin soso, saboda laushin tafiyarta. A unguwar masana'antu ta Omdurman, da Shandi, da Al-Ubayyid, ustoci, wato manyan makanikai, kan kwance ta har ƙashi. Su ƙara wa shasi ƙarfe, su ƙara ganyen sifirin, su liƙa tankin mai na biyu, su yi mata bodin da zai ɗauki fiye da abin da Bature ya rubuta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tanadi zaman mutum a jikinta. A wancan zamani, daga Omdurman zuwa Al-Fashir tafiyar kwanaki ce cikin rairayi, in damina ta kama ka kuwa sai makonni. Don haka ga akwatin abinci a gefen bodi, ga salka rataye inda iska ke bugunta, ga gawayi da tukunyar asida, ga farantan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta kafe. Yaron mota, musa'id, shi ne kuku, shi ne makanike, ƙarƙashin motar kuma ɗakin kwanansa.

Mu Hausawa a fasinja muka fara sanin wannan zama. Waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa Mai Wurno, da ƙafa da jakuna suka zo. Na bayansu mota suka hau: Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Abeche, Junaina, Fashir, har Ubayyid inda jirgin ƙasa yake. Kakata ta ce a gindin taya ta yi ta tuƙa tuwo har suka iso. Guzurin Makka ya ƙare a hanya, 'ya'yanta suka shiga warsha.

Fari na 1984 da yaƙin Kudu suka cika Hajj Yusuf da jama'a, aiki ya koma na cikin gari. Aka yi zamanin boksi, Hilux mai benci biyu da rumfa a baya, sannan Hiace da ƙaramar Amjad. Kawu bai so wannan zamani ba. Ya ce an bar ƙira an koma cusa kujeru.

Daga 15 ga Afrilu 2023 kuma, da yaƙi ya ɓarke, sai ga mutane suna kawo Hiace a cire kujerun da shi da kansa ya sa. Iyali za su nufi Madani ko Gadarif, ba su san inda za su kwana ba. Ya shimfiɗa katako, aka ɗora katifa, ya ƙara ganye ɗaya a sifirin na baya, ya haɗa batir na biyu don cajin waya. Jarkokin ruwa kuwa ya hana a ɗora su a rufi, don nauyin sama shi ke kifar da mota. Ya jera su a ƙasa, daidai kan tayoyin baya, ya ɗaure da igiya yadda ustansa ya koya masa a jikin Sifinja.