Ƙerana: yadda ake dasa ta da kula da ita

Ƙerana tsiro ce mai kaurin jiki da ke ajiye ruwa a rassanta. Masana tsirrai na kiranta Euphorbia kamerunica, kuma danginta ne Faransawa ke cewa euphorbe. Ana samunta a arewacin Kamaru, Chadi da Najeriya. Dangi ɗaya suke da tinya da aguwa. Wasu kan ɗauke ta kaktus saboda kama, amma asalin kaktus nahiyar Amurka ne, ita kuwa 'yar Afirka ce.

Kamanninta

Rassanta kore ne masu kusurwa 4 ko 5, da ƙayoyi bibbiyu a jere a gefensu. Ganyenta ƙanana ne, ba sa daɗewa suke zuba. Inda duk aka yanke ta, wani farin ruwa kamar madara zai tsattsafo.

Amfaninta

Babban aikinta shinge. A duwatsun Mandara da tsaunukan Jos, mutanen da sun kewaye garuruwansu da ita don tare mahara. Yau ana kare gonaki da ita daga dabbobi, domin ko akuya ba ta cinta.

Dasawa

Reshe ake dasawa, kuma bazara ce lokacinsa, kafin ruwa ya sauka. A yanko lafiyayyen reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 50, daidai gaɓa. A barbaɗa toka a bakin yankan, a ajiye shi a inuwa mako 1 ko 2 har ya bushe. Wannan jiran shi ne sirrin aikin, don ɗanyen yanka in ya shiga ƙasa ruɓewa yake yi. Sannan a kafa shi a ƙasa mai yashi ko tsakuwa, zurfin kamar santimita 10, a tokare shi da duwatsu. Kada a yi masa ban ruwa. Ruwan jikinsa zai riƙe shi har damina. Fadama da duk inda ruwa ke kwanciya ba wurin ƙerana ba ne.

Hattara

Ruwan nan nata dafi ne. Yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. A sa safar hannu da tabarau, a nisantar da yara. In ya fantsama a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti.