Lego, jaruman fim da ƴan tsanan Moustapha Alassane na Tahoua: abin da ya kamata ku sani

Duk lokacin da sabon fim ɗin Spider-Man ko Batman ya fito, kafin a je ko'ina hotonsa ya bayyana a jikin riguna da jakunkunan ƴan lakwal a kasuwar Tahoua, fim ɗin kuma ya shiga wayoyin samari ta hannun masu tura fina-finai. A Turai da Amurka akwai abu na uku da ke biyo baya, wato akwatunan Lego masu ɗauke da ƴan tubalan roba da ake harhaɗa motar jarumin ko gidansa da su. Masu sha'awar waɗannan kaya sun daɗe suna gardama a kan abu guda: shin masoyi na gaske shi ne wanda ya sayi jarumi a akwati ya adana, ko wanda ya ƙera nasa? Tun a shekarar 1966 wani ɗan Nijar, wanda daga baya ya zauna a Tahoua, ya yi fim a kan wannan tambaya.

Mene ne Lego?

Lego kamfani ne na ƙasar Danmak. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932, yana sassaƙa kayan wasan yara da katako. A 1934 ya raɗa masa sunan Lego, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. An fara yin tubalan roba a 1949, amma sai a 1958 aka yi rajistar irin tubalin da aka sani yau, mai ƴan ƙusoshi a sama da ƴan bututu a ƙasa, wanda ke kama ɗan'uwansa gam, kuma a raba su ba tare da ya karye ba. Tubalin 1958 yana shiga cikin wanda aka ƙera bana.

Sirrin wasan yana cikin yawan hanyoyin da za a iya haɗa tubalan. Wani malamin lissafi na Danmak, Søren Eilers, ya ƙididdige cewa tubali shida kacal masu ƙusoshi takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi sama da miliyan 915. A 1978 aka ƙara ƴan mutanen roba masu launin ɗorawa, waɗanda tsawonsu bai wuce santimita 4 ba. Da zuwansu ne yara suka fara ƙirƙirar labari a cikin gidajen da suka gina.

Yadda jaruman zane suka shiga akwati

Jaruman da ake gani a fim sun girmi fina-finansu nesa ba kusa ba. A cikin mujallun labari cikin zane na Amurka aka haife su: Superman a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962. Kamfanoni biyu ne suka mallaki mafi yawansu, DC da Marvel. Daga fim ɗin Iron Man na 2008 Marvel ya fara sarƙa fina-finansa kamar zaren labari guda, ta yadda wanda ya kalli ɗaya sai ya nemi na gaba. Avengers: Endgame na 2019 shi kaɗai ya tara kusan dalar Amurka biliyan 2.8.

Lego ya ga kasuwa a nan. Ya fara da Star Wars a 1999, ya yi akwatunan Spider-Man a 2002 da na Batman a 2006, sannan daga 2012 ya riƙa fitar da jaruman Marvel da na DC a kai a kai. Fim na tallata akwati, akwati na tallata fim. Kuma masu sayen manyan akwatunan galibi magidanta ne da ke da albashi.

Abubuwan da masoya ke gardama a kansu

Na farko shi ne buɗe akwati. Akwai masu saye su ajiye ba su ko cire tambarin ba, domin idan kamfani ya daina ƙera wani samfuri kuɗinsa kan tashi a hannun ƴan kasuwa. Wasu kuma na ganin abin wasan da ba a taɓa ba tamkar doki ne da aka ɗaure a turke har ya tsufa.

Na biyu shi ne bin takarda. Kowane akwati na zuwa da littafin da ke nuna inda kowane tubali zai zauna. Wasu na bin sa daki-daki su ɗora abin a kan kanta, wasu kuma su zube tubalan wuri guda su gina abin da ransu ya ba su. Shi kansa fim ɗin The Lego Movie na 2014 a kan wannan aka gina shi: uba yana son ya manne komai da gam kada a taɓa, ɗansa yana son ya wargaza ya sake gini.

Na uku kuɗi. Jirgin Star Wars da aka fitar a 2017, mai tubali 7,541, ya fara shiga kasuwa a kan kusan yuro 800, wato sama da jika 520 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, ke nan kuɗin akwati ɗaya ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda cur. Shi ya sa tubalan da ke isowa kasuwanninmu mafi yawansu kwaikwayo ne daga Sin, ko kuma waɗanda suka biyo dilar bosho. A nan ma ra'ayi ya rabu. A 2010 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa Lego ba zai mallaki siffar tubalin shi kaɗai ba, don haka kowa na iya ƙera mai shiga cikinsa. Abin da doka ta hana shi ne kwafe samfuri da akwatinsa sukutum, kamar yadda kamfanin Lepin ya riƙa yi har ƴan sandan Shanghai suka kai masa samame a 2019.

Na huɗu su kansu fina-finan. A 2019 fitaccen daraktan Amurka Martin Scorsese ya kwatanta fina-finan Marvel da filin wasan yara, ya ce shi bai ɗauke su silima ba. Maganar ta tayar da ƙura. A Afirka kuwa Black Panther na 2018 ne ya fi jawo muhawara. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin fim ɗin har ta ci kyautar Oscar a 2019, ta ɗebo daga suturar al'ummomi da dama, ciki har da ta Buzaye, irin wadda mutumin Abalak ko Tchintabaraden zai gane da kallo ɗaya. Wasu sun yi alfahari da ganin baƙar fata a matsayin sarki kuma jarumi. Wasu sun ce kayan namu ne, amma labarin da dala biliyan 1.3 da fim ɗin ya tara na wasu ne.

Wane ne Moustapha Alassane?

An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dougou. Tun yana yaro yake yanka kwali ya haska fitila a bayansa, yana nuna wa tsaransa wasan inuwa. Ya fara da aikin kanikanci, kafin ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch a Yamai, wanda ya buɗe masa ƙofar silima. Daga nan ya je Kanada, inda ya ƙaro ilimin fim ɗin zane mai motsi a wajen Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen fannin a duniya.

A 1962 ya yi Aouré, a kan aure a ƙasar Zabarmawa, wanda ke cikin fina-finan farko da ɗan Nijar ya shirya. La Mort de Gandji ya biyo baya a 1965, labarin fadar wani sarkin kwaɗi da fadawansa, kuma ana lissafa shi cikin fina-finan zane na farko a Afirka kudu da Sahara. A 1972 ya fitar da dogon fim mai suna F.V.V.A., haruffan farko na mata, mota, gida da kuɗi a Faransanci, inda ya yi wa sababbin ma'aikatan bariki shaguɓe. Ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai tsawon shekara 15. Daga bisani ya tare a Tahoua, ya buɗe otel, ya mayar da wani sashe nasa wurin ƙera ƴan tsana da ɗaukar hoto. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Maris 2015 a Wagadugu.

Akwatin kaboyi na 1966

A shekarar da Marvel ya fara zana Black Panther a Amurka, wato 1966, Alassane ya fitar da Le Retour d'un aventurier, ma'ana dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne ya dawo gida daga ƙasar waje da akwati shaƙe da kayan kaboyi: huluna, takalma, bindigogi. Ya rarraba wa abokansa. Kowa ya sa kaya, ya yar da sunan yanka, ya ɗauki irin su Black Cooper da James Kelly. A cikinsu akwai mace ɗaya, Reine Christine, wadda Zalika Souley ta fito a matsayinta, kuma daga nan tauraronta ya fara haskawa. Djingarey Maïga, wanda ya zama darakta daga baya, shi ma a nan ya fara.

Da farko abin dariya ne. Amma da samarin suka hau dawaki suka fara aikata abin da suka gani a majigi, sai suka addabi gari da faɗa da ƙwace, wasa ya koma rikici tsakaninsu da dattawa, har ya raba kan su kansu. A wancan zamanin fina-finan kaboyi ne ke cika gidajen silima na Yamai, kamar yadda na Marvel ke cika wayoyi yau. Alassane da ƴan wasansa suna cikin masoyan irin waɗannan fina-finai, abin da Serge Moati ya nuna a fim ɗin da ya ɗauka lokacin aikin, Les cow-boys sont noirs. Saboda haka suka ce ta ɗan gida. Abin da fim ɗin ke nunawa shi ne cewa wanda ya karɓi jarumi a akwati yakan karɓe shi har da halinsa, ba tare da ya tambayi ko ya dace da garinsu ba.

Kwaɗi, kokowa da ƴan tsana

Amsar da Alassane ya bayar a aikace ita ce ya ƙera nasa jaruman. A Bon voyage Sim, shi ma na 1966, shugaban jamhuriyar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, da faretin soja da taken ƙasa da duk wani bikin da aka saba gani. Cikin minti biyar ya faɗi abin da ɗan jarida ba zai iya rubutawa ba a lokacin. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana masu launi, labarin jarumin da gimbiya ke ɗora wa sharaɗi bayan sharaɗi. A Kokoa kuwa, wanda sunansa kokowa ce ta Hausa, kwaɗi da sauran dabbobi ne ke kece raini a fili, ga makaɗa ga ƴan kallo. Mutanen Adar ba sa buƙatar a fassara musu wannan, tunda a Tahoua aka yi gasar takobi ta farko a 1975, wadda Yacouba Ango Kantou na Maradi ya lashe.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta, haƙuri take ci. Ana tsayar da ƴar tsana a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan motsa hannunta kaɗan a sake ɗauka, haka har a tara dubbai. Idan aka jera hotunan da sauri sai ido ya ga motsi. Silima na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, amma masu wannan aiki sukan wadatu da 12. Ko a haka, fim ɗin minti biyar na cin hoto 3,600. Da wannan dabarar ce masoyan Lego ke yin nasu gajerun fina-finai suna sakawa a YouTube, kuma yau wayar hannu da manhaja kyauta sun isa. Bambancin kawai shi ne su suna sayen ƴan wasansu, shi kuwa da hannunsa yake ƙera nasa.

Abin da ya rage wa Tahoua

Hannun da ke irin wannan aiki bai ƙare a Adar ba. Yaron da ya fere kara ya yi mota, ko ya lanƙwasa waya da gwangwanin madara ya yi tirela mai sitiyari, ko ya murza yumɓun bakin tafki ya yi doki da raƙumi, yana yin abin da masoyan Lego ke ɗauka a matsayin ƙololuwar gwaninta, wato gini ba da takarda ba. Sai dai kayan roba masu araha na ƙara ture waɗannan a hankali, iyaye da yawa kuma na kallon su a matsayin ɓata lokaci.

Gadon Alassane ma yana fuskantar irin wannan. A 2009 Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong sun yi fim a kan rayuwarsa da aikinsa, a 2017 kuma babban gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa. Amma saurayin da ya je wurin mai tura fim a Tahoua ya fi saurin samun Avengers a kan Kokoa. Fina-finan zanen nasa gajeru ne, ba su da nauyi a waya, kuma yaro na gane su ko bai ji Faransanci ba. Malamin lakwal, gidan raya al'adu ko gidan talabijin da ya nuna su, ya kuma bai wa yara waya ɗaya da yumɓu su gwada nasu, zai sanar da su cewa a garinsu wani dattijo ya yi wannan sana'a har duniya ta san da shi.