Shekarar Girgizar Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ba ya kyautu mu ba da tarihin wannan masallaci mu tsallake shekarar 1939, gama da ita iyayenmu suke ƙidayar shekaru. In ka tambayi tsohuwa yaushe aka yi aurenta, sai ta ce, "Bayan girgiza da damina biyu."

Kakanninmu ba baƙin wahala ba ne a Ankara. A 1908 annoba irin wadda ɓeraye ke yaɗawa ta faɗo wa garin, hukuma ta rushe gidaje ta ta da mutane. Ba a daɗe ba Malam Bako ɗan Malam Naino ya sami fili daga sarakunan Ga, ya kafa Sabon Zongo. Amma annoba a hankali take zuwa, ana ganin tafiyarta gida gida. Girgiza kuwa ba ta yi sallama ba.

Ran Alhamis 22 ga watan Yuni, watau daren Jumma'a, cikin Jimada Lawwal 1358, wajen ƙarfe bakwai da minti ashirin, an idar da Magariba ana jiran Lisha. Dattawan da muka iske sun ce da fari wani rugugi suka ji daga wajen teku, suka zaci hadari ne, da yake damina ce. Sa'an nan sai fitilar masallaci ta kama lilo, allunan yara da ke jingine suka zube, ƙasa ta riƙa motsi ƙarƙashin tabarma kamar an sa mutum cikin kwalekwale. Waɗansu suka ruga waje ba takalmi, waɗansu ƙafa ta ƙi ɗaukarsu, sai salati kawai. Wata kakarmu ta kan ce ta fito da matashin kai goye a bayanta, sai a tsakar gida ta ji kukan ɗan a ɗaki, ta koma. Tana dariya in tana faɗi, amma har ta rasu ba ta ƙara kwana da ƙofa a kulle ba.

Lissafin Gwamnati ya nuna mutum 17 suka mutu, 133 suka yi rauni. Wanda ya ga ɓarnar da aka yi a James Town da Ussher Town ya san Allah ya kiyaye, gama lokacin galibin jama'a suna waje, ba a kwanta ba tukuna. Da tsakar dare abin ya zo, da labarin ya sha bamban.

Abin da ya fi daren wuya shi ne makonnin da suka biyo. Ƙasa ba ta daina ɗan motsawa ba, mutane suka ƙi komawa ɗaki, ana kwana a fili cikin ruwa da sauro. Bangon masallaci na gabas ya tsage har hannu na shiga. Nan aka sami saɓani. Waɗansu suka ce barin ɗakin Allah don tsoro raunin imani ne. Liman ya ce tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba, ya fitar da sahu ƙarƙashin itace. A ganinmu shi ne da gaskiya, ko da ya ke an yi kwanaki waɗansu dattawa ba sa gaishe shi.

Gwamnati, zamanin Gwamna Hodson, ta shiga gina wa waɗanda suka rasa muhalli gidaje a wurare kamar Korle Gonno da Kaneshie. Cikin watan Satumba sai ga yaƙin Hitila, kayan gini suka yi wuya. Saboda haka gyaran masallaci a wuyan jama'a ya faɗa. Mahauta da fataken goro suka yi karo-karo, kowace Jumma'a a zagaya da ƙwarya, mai sule ya sa sule, mai kwabo ya sa kwabo. Mata suka ɗauki ɗebo ruwa, almajirai suka kwaɓa ƙasa. Aka rushe bangon har tushe, aka ta da shi ya fi na dā kauri, amma aka rage masa tsawo.

Masana sun ce akwai tsaga cikin duwatsun da ke ƙarƙashin Ankara da bakin teku, ita ce ta motsa a 1862 da 1939. Ta kuma taɓa mu kaɗan ran 24 ga Yuni 2020. Domin wannan ne kwamitin masallaci ya ƙi yarda a ɗora bene a kan tsohon tushe sai injiniya ya zo ya auna shi, ko da ya ke hakan ya jinkirta aikin.