Wace Ciyawa Ce Ke Sa Atishawar? Nazari Kan Furotin Masu Tayar da Alaji a Ƙurar Fure

Daga Agusta zuwa Satumba, likitoci a Hangari da arewacin Italiya kan sha fama da masu atishawa, da yoyon hanci, da ƙaiƙayin ido, wasu ma har da tashin asma. Ciyawa biyu ake zargi. Ɗaya ita ce Ambrosia artemisiifolia, 'yar asalin Arewacin Amurka, wadda ta shiga Turai a ƙarni na 19 a gauraye da irin shuka. Ɗayar kuwa Artemisia vulgaris ce, 'yar gida a can, dangin tazargaden da muka sani. Iska ce ke kwasar ƙurar furen kowaccensu, kuma lokacin furensu ya zo kusan ɗaya. Likita kan ɗiga ruwan da aka tato daga ƙurar kowace ciyawa a damtsen majiyyaci, ya ɗan soki fatar, bayan minti 15 ya duba. Sau da yawa duk wuraren biyu sai su yi ja su kumbura. To, wace ce mai laifin?

Gwajin fata kaɗai ba ya iya raba wannan gardama, domin ruwan da aka tato gaurayen furotin ne masu yawa, kuma kaɗan ne daga cikinsu garkuwar jiki ke ɗauka a matsayin abokan gaba. Farautar waɗannan 'yan kaɗan ta fara nisa a farkon shekarun 1960, lokacin da T. P. King da Philip Norman a Amurka suka ware babban furotin ɗin Ambrosia, wanda yanzu ake kira Amb a 1. Jinin masu alajin wannan ciyawa ne kuma ya taimaki Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko, a birnin Denver, suka gano IgE a 1966, wato sinadarin garkuwar da ke maƙale wa furotin ɗin har jiki ya yi bore.

A ɗakin gwaji, ana jiƙa ƙurar, a tura furotin ɗinta ta cikin wani faifan jel da wutar lantarki, su rarrabu layi-layi gwargwadon nauyinsu. Sai a zuba musu ruwan jinin majiyyata. Layin da IgE ya kama shi ake yankowa a kai na'urar tantance ƙwayoyin sinadari domin a san ko wane ne. Idan fiye da rabin majiyyata suka kama furotin, sai a kira shi babba. Amb a 1 ya wuce wannan ma'auni nesa ba kusa ba, don fiye da kashi 90 cikin 100 na masu alajin Ambrosia suna da IgE a kansa. A wajen Artemisia kuwa, Art v 1 ne ke riƙe da wannan matsayi. A ganina ana yawan ɗora wa wannan ma'auni abin da bai ɗauka ba: yawan masu kamawa yake ƙirgawa, ba ya faɗin wanda zai fi jin jiki.

Hanyar ma takan yi ɓoyo. Sai a 2015 masu bincike a Faransa suka bayyana Amb a 11, furotin mai narkar da wasu furotin, wanda kusan kashi biyu cikin uku na majiyyatan da aka gwada suka kama. Nauyinsa ya yi kusa ƙwarai da na Amb a 1, shi ya sa ya daɗe a laɓe a bayansa. Art v 1 kuma nasa tarkon daban ne. Na ainihi yana ɗauke da sukari a jikinsa, wanda aka ƙera a cikin ƙwayar bakteriya kuwa ba shi da shi, don haka jinin wasu majiyyata ba ya gane na ƙirar.

Inda abin ya fi rikicewa shi ne kamanni. Profilin da polcalcin ƙananan furotin ne da ke cikin ƙurar tsirrai iri-iri, kuma siffarsu kusan ɗaya ce ko'ina. Wanda jikinsa ya tsani ɗaya, gwaji zai nuna kamar ya tsani ciyawa goma, kamar ɗan sandan da ke neman mai jar hula ya kame duk masu jar hula a kasuwa. Manyan ma ba su tsira ba: Artemisia tana da Art v 6 mai kama da Amb a 1, Ambrosia kuma tana da Amb a 4 mai kama da Art v 1. Irin wannan kamanni ne ke sa wasu masu alajin Artemisia su ji bakinsu na ƙaiƙayi in sun ci seleri ko karas ko wasu kayan ƙanshi.

Duk wannan wahalar bincike a wajen magani take biya. Maganin da ke horar da garkuwar jiki ta saba da furotin, ko ta allura ko ta ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, yakan ɗauki aƙalla shekara uku, ga tsada. Majiyyacin da IgE ɗinsa ya yi yawa a kan Amb a 1, babu komai a kan Art v 1, na Ambrosia yake buƙata. Wanda profilin kaɗai ya kama, da wuya maganin kowace ciyawar ya amfane shi. Saboda haka duk likitan da zai ɗora mutum kan wannan doguwar hanya alhali gwajin fata ya nuna ciyawa biyu, ya kamata ya fara auna IgE na Amb a 1 da na Art v 1 daban-daban.