Ƙidayar Jama'a Da Ha'incin Alƙaluma

Duk wanda ya san asalin Tudun Wadan Zariya, unguwar da Turawa suka keɓe a wajen ganuwa domin baƙin Musulmi 'yan Arewa waɗanda ba Zagezagi ba, kamar yadda suka keɓe Sabon Gari domin mutanen Kudu, ya san cewa mahukuntan wancan zamani sun fara kasa mutane kashi-kashi a littafi kafin su zaunar da su a ƙasa. Kuma littafin nan na haraji ne.

A lokacin En'e, idan malamin haraji ya shigo unguwa tare da mai unguwa yana rubuta sunan kowane baligi, talaka ya san abin da zai biyo bayan alƙalamin, don haka magidanci yakan tura saurayin ɗansa ƙauye har rubutu ya wuce, Bafilatani kuma ya kora rabin garkensa daji saboda jangali. Ba na ganin laifinsu, domin wanda bai ga amfanin a san da shi ba sai a ranar karɓa, ba za a zarge shi don ya ɓuya ba. Amma daga irin waɗannan littattafai aka tsamo galibin adadin ƙidayar 1931, wanda ya ce mutanen Nijeriya sun kusa miliyan 20. Ita ma ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta ba da miliyan 30.4, Arewa na da 16.8, an yi ta ne tsoron haraji bai bar zukata ba.

Sai al'amari ya juye. Da aka sami mulkin kai, aka wayi gari yawan jama'a shi ne mizanin rabon kujeru 312 na Majalisar Wakilai, shi ne kuma hujjar neman makaranta da asibiti da kason baitulmali, sai waɗanda jiya suke ɓoye 'ya'yansu aka shiga yi musu shela kada kowa ya bari a tsallake shi. Ƙidayar watan Mayu 1962 ta rushe bayan da jami'in da ya shugabance ta, J. J. Warren, ya ce an kumbura alƙaluman wasu yankuna na Gabas. Aka sake a Nuwamba 1963, aka fito da miliyan 55.7, Arewa na da 29.8. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi amincewa, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba huruminta ba ne.

A nan ne ya kamata mai hankali ya dakata, domin a nan ha'incin ya fi ɓoyuwa. Wanda ya ɗauki adadin 1953 ya jera shi da na 1963, zai ga ƙarin da ya haura kashi 80 cikin ɗari a shekara goma, abin da haihuwa kaɗai ba ta iya kawowa ko da kuwa annoba ta ɗauke ƙafa daga ƙasar baki ɗaya. To, sai ɗan siyasar Kudu ya riƙe wannan ya ce ga shaida Arewa ta yi ƙari, ɗan siyasar Arewa ya riƙe shi ya ce ga shaida dā can an tauye mu, alhali ƙarin ya bayyana a kowane yanki, kuma kowannensu ya yi shiru a kan nasa. Lissafinsu daidai ne, ba wanda ya yi kuskuren tarawa ko ɗebewa. Ɓarnar tana cikin auna hatsi ɗaya da mudu biyu, na farko tauyayye, na biyu mai tozo, sannan a ce bambancin albarkar gona ce. Malamanmu na fiƙihu ba su karɓar shaida sai sun binciki adalcin mai ba da ita, amma mu da zarar an buga lamba a jarida, sai mu sallama mata ba tare da tambayar wa ya ƙirga ba, ko me zai samu idan ta yi yawa.

Ƙidayar 1973, zamanin Janar Gowon, ta ce miliyan 79.8, Janar Murtala ya soke ta a 1975. Shekara 18 bayan waccan ƙidaya, ta 1991 ta sami kimanin miliyan 89 kacal, wanda ya ishi mai tunani dalili. Haraji da jangali kuwa Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna a 1979, tsohon dalilin ɓuya ya kau, na ƙari ya saura. A 2006 aka ce miliyan 140, Kano ta ɗara Legas kaɗan, gwamnatin Legas ta ƙi yarda ta fito da nata adadin na miliyan 17.5. Tun daga ranar ba a sake ƙirga kowa ba, an ɗage wadda aka shirya yi a 2023, saboda haka duk wanda ya faɗi yawan mutanen Zariya a yau, ƙiyasi ne ya ɗora a kan adadin 2006.